Wa Zai Ajiye Masa Kofi?

Sausan tana kan tsani tana tsinkar zaitun a gonar babanta da ke bayan garin Ajlun, sai ga wani dogon saurayi yana turo keke, jaka ɗaure a baya, ya yi buɗu-buɗu har gira.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Kuna neman ma'aikaci?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka iya hawa bishiya, ko keken kawai ka sani?"

Ya yi dariya. Sunansa Lutfi, mutumin Tunisiya ne, cikin zaitun aka haife shi. Shekararsa guda yana yawon ganin duniya, inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi aiki, sannan ya ƙara gaba. Babanta, Abu Ra'id, ya ɗauke shi na mako biyu.

Mako biyun nan fa sai da suka zama wata uku! Aka gama tsinka Lutfi ya ce saura sassabe, aka gama sassabe ya ce katanga na neman gyara. Kowa a gidan ya san katangar lafiyarta ƙalau.

"Zaitunata," ya rubuto mata a waya, "na ga teku na ga sahara, ban ga inda ƙafata ta ƙi tafiya ba sai ƙasan tsaninki."

"Mai keke, daɗin bakinka ya fi aikinka," ta mayar masa, tana murmushi ita kaɗai.

Da maganar ta kai ga Abu Ra'id, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaron kirki ne, 'yata, amma ɗan hanya ne. A nan dattawa ake turowa neman aure, a zuba musu gahawa, su ajiye kofin su ƙi sha sai an ba su abin da suka zo nema. Shi wa zai ajiye masa kofi? Kekensa?" Ya ƙara da cewa ɗan ƙaninsa, Mu'utaz mai kantin magani, zai turo nasa manyan nan da Juma'a biyu.

Lutfi na bayan katanga, ya ji komai. Washegari da safe babu shi, babu keken.

Wayyo Sausan! Ta rubuta masa, "Ashe gaskiyar Baba ce?" Amsarsa kalma biyu ce: "Jira ni." Haushi ya sa ta kife wayar. Kwana tara tana kuka a ɓoye, tana leƙen jikin bishiyar da yake jingine keken.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta ji ƙarar motoci. Ta leƙa ta taga, ta ga dattawa suna fitowa: mai gidan burodi daga Madaba, mai kwale-kwale daga Akaba, da wani tsoho mai raƙuma daga Wadi Rum, Abu Salim. Duk mutanen da Lutfi ya yi wa aiki a hanya ne. Shi kuwa yana bayansu, ya rame, ya yi baƙi.

Aka shigar da su falo, aka zuba gahawa. Abu Salim ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa.

"Abu Ra'id, an ce yaron nan ba shi da kowa. Wata biyu yana kiwon raƙumana, ko igiya ban nema na rasa ba. Bai kira mu a waya ba, ƙofa-ƙofa ya bi mu. Ɗanmu ne, mun zo nema masa Sausan."

Sausan na bayan labule, ta riƙe hannun mamanta gam. Abu Ra'id ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya juya wajen labulen.

"Kin amince, 'yata?"

"Na amince, Baba."

"To, ku sha gahawarku."

Guɗa ta ɓarke har maƙwabta suka fito.

"Me ya hana ka gaya mini?" ta tambayi Lutfi daga baya.

"Tsoro nake kada kowa ya ƙi zuwa, Zaitunata."

Da bazara aka sha biki, mahaifiyarsa ta zo daga Tunisiya ta yi ta sa musu albarka. Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Keken yana nan jingine da bishiyarsa, an sa masa kwaɗo, makullin kuwa yana hannun Sausan.