Adaka Mai Haƙora

A garin Matameye, a zamanin da Nasara ba su daɗe da zuwa ƙasar Damagaram ba, an yi wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya.

In ka gan ta a bakin rijiya yanzu, kafin ka juya tana gindin tsamiya. In aka aike ta, da gudu take zuwa. In aka ce ta jira, sai ta yi ta tsalle da ƙafa ɗaya.

Babanta Inusa baduku ne. Yana ɗinka jaka da takalmi da matashin fata. Ita kuwa a ɗakin kakarta, Kaka Shekara, take kwana.

Yarinyar tana da kayan wasa da yawa. Akwai 'yar tsana ta kara, da 'yan tukwanen yumɓu, da ƙananan ludaya, da duwatsu masu santsi. Duk inda ta gama wasa, nan take barin su.

Wata safiya Kaka ta sauko daga gado za ta yi alwala. Sai ta taka wata 'yar tukunya. Tukunyar ta fashe, ta yanke ta a dunduniya.

"Wayyo ƙafata!" in ji Kaka.

Inna ta shigo da sauri. Da ta ga jini, ranta ya ɓaci.

"Yau sai na kwashe tarkacen nan na kai bola," in ji ta.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Inna, don Allah ki yi haƙuri! Ba ni da inda zan sa su."

Kaka ta ɗaure ƙafarta da tsumma, ta ce, "Bar mata kayanta. Ke ƙawata, leƙa ƙarƙashin gadon nan, ki jawo abin da kika gani."

Yarinyar ta shiga, ta jawo wata tsohuwar adaka ta katako. Ƙura ta rufe ta. Launinta ya koɗe, murfin kuma ya kusa cirewa.

"Kakanki ne ya kawo min ita daga Kano, a kan jaki," in ji Kaka. "Na ba ki."

Yarinyar ta taɓe baki. "Kaka, ai ba ta da kyau."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya.

"Za ta yi kyau," in ji shi. "Ki kankare ta da tsingaro da yashi. Ni kuma zan haɗa miki launi da ƙaro, mu shafa mata."

"Yau, Baba?"

"Ba yau ba. Sai bayan kasuwa."

"Kasuwa ta yi nisa!"

Baba ya kama hannunta, ya kai ta zaure inda yake aiki. Ya nuna mata wata tukunya a rufe da faifai. Da ya buɗe, sai ta ga ruwa ja wur.

"Wannan jan karan dafi ne," in ji shi. "Shi ke nan ya rage min. Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan, ya aiko a yi masa matasan fata jajaye. Ranar kasuwa gardinsa, wato dogarinsa, zai zo karɓa. Kin san mutanen nan ba sa jin uzuri. In na gama, abin da ya saura naki ne. Kafin nan kada ki taɓa."

"To, Baba."

Ta koma ta kama kankarar adaka. Ta goga nan, ta goga can. Kafin azahar ta ce ta gama, ko da yake rabin tsohon dattin yana nan.

Daga nan sai zama ya gagare ta. Ta je zaure ta dawo. Ta sake zuwa ta dawo. Ta zauna a kan turmi, ta tashi. Idonta yana kan tukunyar nan.

Washegari Baba ya tafi majema ɗauko fata. Inna ta tafi rijiya. Kaka tana barcin hantsi.

"Kaɗan zan ɗiba," yarinyar ta ce a ranta. "Ba zai ma gane ba."

Ta ɗauko tukunyar da ƙyar, ta kai bayan ɗaki inda adakar take. Ta ɗebo shunin Inna. Ta ɗebo gangamau a madafa, ta dama da ruwa. Ta tsoma tsumma a ja, ta shafa. Ja bai bushe ba ta ɗora shuɗi. Shuɗi bai bushe ba ta ɗora rawaya.

Launukan suka gangaro, suka cakuɗe. Adaka ta koma kamar taɓon kududdufi.

"Kai! Ba haka nake so ba!"

Ta yi tsalle za ta ɗauko wani tsumma. Ƙafarta ta bugi tukunya. Tukunya ta kife. Kafin ta tashe ta, ƙasa ta shanye jan nan duka.

Ta mayar da tukunya zaure, ta rufe da faifai. Ta wanke hannunta da toka. Ta sake wankewa da yashi. Jan ya ƙi fita.

Da Baba ya dawo, ya shimfiɗa fata, ya buɗe tukunya. Ya daɗe yana duban cikinta.

Yarinyar tana laɓe a bayan ƙofa. Ba ta taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ba fushi ta gani ba. Tsoro ta gani.

Inna ta shigo, ta ce, "Lafiya, maigida?"

"Jan ya ƙare," in ji Baba a hankali. "Kuma babu karan dafi a garin nan yanzu. In gardi ya zo bai samu kaya ba, aikin tilas na gyaran hanya za su tura ni. Wa zai riƙe gidan?"

Yarinyar ta dubi hanyar waje. Ta so ta gudu gidan maƙwabta. Amma sai ta fito, ta miƙa jajayen hannayenta.

"Baba, ni ce. Na kasa jira. Na zubar da shi."

Inna ta ɗaga hannu. Baba ya ce, "Bar ta. Duka ba zai dawo da ja ba."

Ya dubi yarinyar. "Na ce kada ki taɓa, ko ban ce ba?"

"Ka ce, Baba."

"To, gobe tare za mu tafi ƙauyen Tsauni. Abokina Manu yana noma karan dafi. Ke kika zubar, ke za ki ɗauko."

Da sassafe suka kama hanya. Da farko yarinyar tana gaba tana gudu. Da rana ta ɗaga, sai ta koma baya. Yashi ya yi zafi. Ƙaya ta soke ta. Ta ji ƙishirwa, amma kunya ta hana ta magana.

Suka iske Manu a bakin rumbunsa. Bayan gaisuwa, Baba ya faɗa masa abin da ya kawo su.

Manu ya girgiza kai. "Ayya, Inusa, ka makara. Dukawan Damagaram sun kwashe."

Hawaye ya cika idon yarinyar. Matar Manu, wadda ake kira Baiwa, ta kawo musu fura. Ta dubi hannun yarinyar, ta dubi idonta.

"Tsaya," in ji Baiwa. "Akwai ɗan dami a kan rufin akurki. Na ajiye don rinin kaba. Ku ɗauka."

Baba ya yi ta godiya. Ya ɗora wa yarinyar damin a ka. Haka ta ɗauko shi har Matameye, ba ta sauke ba sai a zaure.

Aiki bai ƙare ba. Ta ɓare jan ɓawon karan. Ta taya Inna daka. Baba ya jiƙa garin da ruwan toka, ya ce sai ya jiƙu sosai.

"Ya yi, Baba?"

"Da saura."

Can an jima ta sake cewa, "Yanzu fa?"

"Da saura, 'yar Baba."

Ta cije leɓe, ta zauna a kan hannayenta.

Baba ya rina fata, ya shanya. Ya yanka, ya ɗinka. Ko tuwo a kan aiki yake ci.

Ranar kasuwa gardi ya zo a kan doki, da jar hula da bulala. Yarinyar tana leƙe ta jikin zana.

Gardi ya ɗauki matashi ɗaya, ya juya shi. Ya danna babban yatsansa a kai, ya goga da ƙarfi. Sannan ya duba yatsan. Babu ja ko ɗigo.

"To, ba laifi," in ji shi. Ya ɗaure kayan a bayan sirdi, ya tafi.

Baba ya zauna a kan buzu, ya saki dogon numfashi. "Alhamdu lillahi."

Yarinyar ta zo ta durƙusa. "Baba, ka yafe min."

"Na yafe. Ɗauko adakarki."

Wannan karon ta kankare ta sosai. Taɓon da ta shafa ya fi tsohon dattin wuyar fita. Hannunta ya yi kanta. Amma a ƙarshe katakon ya fito fari tas.

Baba ya narka ƙaro, ya haɗa da sauran jan. Ya dandaƙe kan wani ɗanyen icce har ya yi laushi kamar asuwaki, ya ba ta.

"Ja kaɗai yau," in ji shi. "Ki bar shi ya bushe."

Ta shafa ja. Sai ƙafafunta suka fara ƙaiƙayi. Kaka ta lura, ta kira ta.

"Zo, ƙawata. Zo ki taya ni cire 'ya'yan auduga. In hannu yana aiki, jira ba ya zafi."

Suka yi ta cire 'ya'yan auduga suna hira. Ba ta ankara ba sai ta ji kiran la'asar.

Washegari ta taɓa adakar. Ta bushe ƙaƙas, tana sheƙi. Ranar ta yi ɗige-ɗigen shuɗi a jiki, kamar na zabuwa. Wata rana kuma ta yi rawaya a gefe.

Tana buɗe murfin tana rufewa, sai wata dabara ta faɗo mata.

"Baba, dubi! Kamar baki!"

Ta dama farar ƙasa, ta zana manyan haƙora a bakin murfin, sama da ƙasa. Ta yi idanu biyu ƙuru-ƙuru da gawayi. Baba ya gyara murfin da igiyar fata. Ya yanko guntun jar fata, ya liƙa a ciki ya zama harshe. Ya ƙara mata kunnuwa biyu masu lilo.

Da Inna ta shigo ta gani, sai ta ja da baya, sannan ta tuntsire da dariya.

"Wannan wane irin dodo ne?"

"Dodon cin kayan wasa ne," in ji yarinyar. "Kullum yunwa yake ji."

Ta buɗe masa baki. Ta ba shi 'yar tsana. Ta ba shi tukwane da ludaya. Ta ba shi duwatsu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ham! Ham!" Ɗaki ya zama fes.

Yaran unguwa suka ji labari, suka cika gidan. Kowa yana so ya ba dodo abinci. Wani ƙaramin yaro mai suna Bilya ya ja zanenta.

"Ni ma ina so. Akwai tsohuwar kujera a gidanmu. Ki yi min yau!"

Yarinyar ta yi murmushi. "Zan taya ka, amma ba a gamawa yau. Ka fara tambayar innarka. In ta yarda, sai mu kankare. Launi ɗaya za mu sa, mu jira ya bushe."

"Jira da wuya," in ji Bilya.

"Na sani," in ji ta. "Amma rashin jira ya fi wuya. Ya kusa raba ni da Babana."

Yara, abin da ba naku ba, kada ku taɓa sai an ba ku izini. In babba ya ce ku jira, ku jira. Gaggawa tana ɓata aiki, tana kuma jawo wa wasu wahala. Haƙuri shi ke sa abu ya yi kyau.