Wurin da Aka Kewaye da Duwatsu

Duk mai zuwa gudun sanyi a hamadar Arizona ya san ƙa'ida: inda aka kewaye wuri da duwatsu, akwai mai shi. Da muka tarar da irin wannan wuri, mijina Wendell ne ya ce, "Haba Lorna, dubi yadda rairayi ya binne duwatsun. Mai wurin ya daɗe da tafiya."

Muka kafa tirelarmu, wato ɗakin kwana da mota ke ja, a ciki, ya kwance motar ya tafi gari ɗebo ruwa. Har dare bai dawo ba, waya kuma babu sabis.

Can sai na ji warin laka, irin na magudanar da ke shayar da gonakin latas, alhali magudanar tana da nisan mil huɗu. Aka ƙwanƙwasa.

"Baiwar Allah, ku ɗan matsa," in ji wata murya, kamar mai magana da ruwa a baki. "Kun yi min nauyi."

"Babu motar da zan ja tirelar da ita," na ce. "Ka bari sai da safe."

Aka sake ƙwanƙwasawa. Sai a lokacin na lura ba ƙofa ake bugawa ba. A tafin ƙafata nake jin bugun, daga ƙarƙashin ƙasa.