Ɗorawar Inno

Abin ya fara ne a bazarar 1976, ranar da Sa'idu ya zo gidanmu a Manawashi gaida Inno, kakata wadda ta raine ni.

Direban tarakta ne, kuma shi nake so. Ya durƙusa cikin ladabi, ya ajiye kwalin dunƙulen miya na ƙasar waje a gabanta.

Na runtse ido. Da daddawa Inno ta ciyar da ni, kuma tun da dunƙulen ya cika kasuwa take dawowa da tallanta.

"Sannu, yaro," in ji ta. "Ka zo neman jikata, ka taho wa sana'ata da likkafani."

A zaure na tare shi.

"Haba Sa'idu! Duk kasuwar Gombe ba goro?"

"Wallahi, Mairamu, gani na yi shi ake yayi..."

Na kusa dariya, sai na ga ya sunkuyar da kai.

"Akwai wata magana. Baffanki Ɗalhatu zai shuka audugar kamfani. Ya ce a sare itatuwan ɗorawar gonar kafin in shiga da tarakta."

"Ɗorawar Inno? Daga ita take samun kalwa!"

"Shugabanmu ba ya yarda a kewaye itace, wai ɓarnar mai ne. Wanda ya saɓa, a karɓe motar. Kuma da aikin nan baffanki ya amince da ni, zuciyata."

"Na sani." Hawaye suka zubo mini. "Amma in Inno ta rasa itatuwan nan ta dalilinka, da wane ido zan dube ta ranar da za a kai ni?"

Da ya tafi, na faɗa wa Inno komai. Na kwana ina roƙon Allah zaɓi.

Washegari da hantsi ya dawo, ya sami Inno tana wanke kalwa. Ya naɗe hannun riga, ya karɓi ƙwaryar.

"Mai gidan zamani, warin ba zai kashe ka ba?"

"In ya kashe ni, Inno, ke ce bazawara."

Ta kai masa dundu tana dariya, sannan ta nutsu.

"To, itatuwana fa?"

Ya dube ni, ya dube ta.

"Zan kewaye su. In an karɓe motar, zan ɗaura shanun babana in yi huɗa da su."