Hannun da Ya Fito ta Taga

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a Gella, mai shegen son kwaikwayo. In ta ga abu sau ɗaya, to sai ta gwada. Babanta, Malam Adi, direban bas ne tsakanin Gella da Mubi.

Motar Baba ta tsufa, ba ta da sauri. Idan wata mota ta biyo shi, sai ya duba gaba da kyau. In babu kowa, ya fitar da hannu ta taga ya yafito, wato a wuce. Duk direbobin hanyar sun yarda da hannun Malam Adi.

Wata Asabar yarinyar ta bi shi Mubi. Ta zauna a bayansa, daidai taga. Sai wata ƙaramar mota ta manne musu, tana ta hon. Kwaji ne, maƙwabcinsu, baban ƙawarta Tina.

Suka iso wata kwana a gindin dutse. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ita kuwa ta ce a ranta, "Bari in taya Baba aiki." Ta zura hannu, ta yafito.

Kwaji ya bar layinsa zai wuce. Sai ga babbar mota cike da shanu a gabansa! Ya kauce, ya faɗa rami.

Da ƙyar aka ciro shi, ƙafarsa ta karye. Yana nishi yana cewa, "Malam Adi, kai ne ka ce in wuce! Na ga hannu!"

"Wallahi ban ɗaga hannu ba," in ji Baba.

Ba wanda ya yarda. Yarinyar ta ɓoye hannunta cikin hijabi.

Washegari Tsoho, shugaban direbobi, ya hana Baba lodi. Ya ce, "Mai kiran mutum ya wuce a kwana ba zai ɗauki fasinja a tashar nan ba."

Kwana biyar mota na ajiye a ƙofar gida, har kaji suka fara hawa kanta. Baba ya daina hira. A makaranta Tina ta canza benci. Yarinyar ta kasa cin abinci don tsoro da kunya.

Rana ta shida ta sami Baba yana goge gilashin motar da ba ta zuwa ko'ina. Sai ta fashe da kuka.

"Baba, ni ce. Hannuna ne."

Baba ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Kin ga gaba kafin ki yafito?"

"A'a, Baba."

"To, sa takalminki."

Suka biya tasha, suka tafi gidan Kwaji tare da Tsoho. Kwaji na kwance, ƙafa a ɗaure, Tina na yi masa fifita. Yarinyar ta durƙusa ta faɗi komai.

Kwaji ya girgiza kai. "Malam Adi, ka yafe ni, na ɓata maka suna. Ni ma ina da laifi. Kwana ce fa, ban ga gaba ba. Me ya fitar da ni daga layina?"

"Gaggawa," in ji Tsoho. "Yanzu kowa so yake ya riga kowa. Malam Adi, gobe ka kawo mota."

Tina ta matsa, ta ba ƙawarta wuri a tabarma. Yarinyar ta karɓi maficin ta ci gaba da fifita.

Bayan wata biyu Kwaji ya miƙe, amma da ɗan ɗingishi. Duk sanda yarinyar ta gan shi, sai ta tuna: hanya ba wurin wasa ba ce, kuma kada ka ce wa wani ya wuce inda kai ma ba ka gani ba.