Masu Kututture

Ana kiran sallar magariba, Dakta na kicin yana tace ruwan naman kaza, dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Sai wani. Babu kowa a titi, karnukan maƙwabta ma sun yi tsit.

Dakta mai bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje, mutum mai taurin kai, abin da na'ura ba ta auna ba bai san da zamansa ba. A jikin wani ruɓaɓɓen kututture cikin daji ya samo naman kazan. Gwaji ya nuna yana ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwayoyin jiki lalacewa, ga mahaifiyarsa, Kaka, ciwon hanta ya kwantar da ita. Sai ya kankare kututturen tas, ko na iri bai bari ba. Duk uban tarin nan, bayan shanya da jiƙo, kwalba guda ya bayar. Kaka ta fara sha, har tana iya tashi zaune.

Jifa bai tsaya ba. Wata magariba aka iske Auta, 'yarsa, gaban firjin da kwalbar take, idanu a kafe, tana shinshinar ƙofar. Matar Dakta ba ta nemi shawararsa ba, ta kira Malam.

Malam ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar. Can muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Wa ya kwashe mana magani?"

"Faɗi buƙatarki," in ji Malam.

"Jikana na kwance. Ɗai-ɗai nake tsinko masa, wannan ya zo ya share duka. A mayar min da ruwan in saki 'yarsa. In ba haka ba, tare za su tafi."

Dakta ya ce, "A raba biyu."

"Rabi ba ya warkar da kowa. Kai ma ka sani."

Abin tausayi, ya kasa motsi. Kaka ce ta fito tana dafa bango, ta ɗauki kwalbar, ta tsiyaye ta a tsakar gida. Ƙasa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta hango kwalbar.

"Kaka, kin shanye maganin?"

"Na shanye, 'yar nan. Zo ki kama ni in kwanta."