Mutumin da Katako Bai Yi Ƙara a Ƙarƙashinsa Ba

A birnin Savannah fatalwa sana'a ce. Kowane tsohon gida yana da tasa, kuma Odessa Tolbert, mai zagayawa da baƙi a wani gidan tarihi, ta san yawancinsu da suna. A sauran gidajen, ɗalibai ne ake shafa wa farar hoda su tsaya bakin taga.

Ranar nan da magariba ta sallami baƙin ƙarshe, ta hau bene don rufe tagogi. A can ƙarshen lungu ta hangi mutum tsaye da doguwar kwat irin ta da, ya ba ta baya.

Tsoro bai zo mata ba, haushi ne ya zo. Lucius, manajan gidan, ya daɗe yana cewa bayaninta tarihi ne zalla, babu armashi, gara a kawo 'yan wasa. Ashe har ya fara, ko shawara babu.

"Kai saurayi, an tashi. Je ka wanke fuska."

Bai motsa ba. Wari ya iso mata, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen itace. Ta yaba masa a ranta, don sauran 'yan wasan da turare suke zuwa.

Ta kira Lucius a waya. "Zo ka kwashe fatalwarka, kullewa zan yi."

"Wace fatalwa, Anti Odessa? Ai hukumar gidan ta hana ni tuntuni."

"Ga shi a gabana."

Sai muryar Lucius ta yi ƙasa. "Katako na ƙara in ya taka?"

Benen nan ko kyanwa ta ratsa sai ya yi kuka. Mutumin ya juyo. Ya fara tahowa.

Babu ƙara.

"Kar ki bi ta gaba," in ji Lucius. "Masu gyara sun mayar da shuɗin rufin barandar fari. Ruga baya, ɗakunan bayi!"

Rufin ɗakunan nan shuɗi ne. Bayin da suka kwana ciki a zamanin bauta ne suka shafa, wai fatalwa tana ɗaukar shuɗi ruwa ne, ba ta tsallakewa. Kullum Odessa takan gaya wa baƙi haka, tana murmushi.

Yau ba ta yi murmushi ba.

Ta sauko da gudu. Ƙarar ƙafafunta kaɗai take ji.

Sanyi ya taɓa ƙeyarta. Wani abu ya ja gefen rigarta.

Ta fizge, ta faɗa cikin ɗakin.

Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya dube ta, ya yi raɗa cikin ladabi:

"Gobe ma rana ce."

Nan Lucius ya same ta zaune, ta ƙi leƙowa sai da ta ji takalmansa na ƙara.

Har yau Odessa ba ta yarda akwai fatalwa ba, ta ce gajiya ce. Sai dai a makon ta shafa wa barandar gidan tarihin shuɗi, da ta gidanta, da rufin ɗakin kwananta, har da na banɗaki. In an tambaye ta, sai ta ce zanzaro ne suka dame ta, wai shuɗi na korar su.