Mai Taka Totur

Tun asuba Maniru yake jigilar albasa a tsohuwar Fijo da ya gada wajen mahaifinsa. Bayan magariba, tsakanin Shagari da Bodinga, motar ta fara halinta: da ya taka totur sai ta shaƙe, har ta mutu.

Ya buɗe bonet, ya haska kafireta da tocila. Ƙaramin famfon da ke fesa mai idan an taka totur ne robarsa ta tsage. Sabuwa na cikin mota, gajiya ce ta hana shi sawa tuntuni. Ya kwance, ya canza, bayansa kamar ya ɓalle.

"Sannu da aiki," in ji wata murya. Wani dattijo ne cikin doguwar riga, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Maniru bai ji takunsa ba, amma ko ƙarfin mamaki ba shi da shi.

"Baba, don Allah shiga ka taka min totur, in ga ko mai na hita."

Sandar totur ta motsa, mai ya fesa tsaf.

"Ya isa, Baba, Allah shi saka!"

"In ƙara?" Muryar a gefen kunnensa take.

Dattijon na tsaye kusa da shi yana leƙen injin, sandar kuwa ba ta daina motsi ba. Maniru ya haska ƙasa. Ƙafa ɗaya ce ta fito daga ƙarƙashin rigar, ta miƙe bisa kwalta, ta lanƙwasa ta shige ƙofar direba.